Wasiƙa daga Damagaram: mai horar da 'yan matan jami'a da ba ku ba mu labarinsa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sammini fili. Ni tsohon malamin wasanni ne, wanda yara a nan Damagaram ke kira mushe, wato malam. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina busa usur a filayen makarantu kafin in ajiye aiki. Shafinku na wasanni nake fara buɗewa a waya bayan sallar asuba, kuma kullum Real Madrid ne da Barcelona da cinikin 'yan wasan Firimiya. Ban ce ku daina ba, don in kuka daina, samarin da ke shan shayi a fada za su daina karanta ku. Ƙorafina guda ne.

A watan Yulin 2025 matan Ingila sun sake ɗaukar kofin Turai, aka yi ta yabon mai horar da su, Sarina Wiegman, 'yar ƙasar Holan. Ta cancanta, don kofi uku ke nan a jere ta ɗauka: na 2017 da ƙasarta, na 2022 da na 2025 da Ingila. Ni ma ina da dalilin sonta, tun da ita ma ta taɓa yin aikina na koyar da wasanni a sakandare. Amma ban ga wanda ya tambayi inda ta sha nono ba. A 1989 ta tafi Amurka ta buga wa wata jami'a ƙwallo na shekara ɗaya. Lucy Bronze ta bi ta wannan jami'a a 2009. Alessia Russo, wadda ta rama wa Ingila ƙwallon da Sifen ta ci su a wasan ƙarshe, ita ma can ta yi karatu. Dukansu uku mutum ɗaya ne ya horar da su, kuma sunansa bai taɓa fitowa a shafinku ba tun da na fara karanta ku.

Sunansa Anson Dorrance. An haife shi a 1951 a Bombay ta ƙasar Indiya, inda mahaifinsa, Ba'amurke, yake aikin kamfanin mai. Irin 'ya'yan ma'aikatan nan ne da ba su gama sabawa da gari sai a ɗauke uban: ya zauna a Habasha, ya zauna a Kenya, ya yi sakandare a Suwizalan. Shi da kansa yana cewa a Kenya son ƙwallo ya kama shi, don haka mu ma 'yan Afirka muna da ɗan kaso a ciki. Ya gama Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda ke garin Chapel Hill, a 1974. Ya soma karatun lauya, sai aka damƙa masa ƙungiyar maza ta jami'ar a 1977. A 1979 aka kafa ta mata aka ɗora masa ita ma. Karatun lauyan da bai ƙarasa ba ke nan. Ya riƙe ƙungiyoyin biyu tare har 1988, daga nan ya saki ta maza ya zauna da ta mata, kuma bai tashi daga wurin ba sai watan Agustan 2024.

Kakar wasa 45 a makaranta ɗaya. Ni a aikina sau biyar aka sauya mini wuri, kuma duk lokacin da na fara gane yaran, sai takarda ta zo.

Ga abin da ya tara. Ya ci wasa 934, aka yi canjaras 53, aka doke shi sau 88. Ka raba 88 gida 45, za ka ga bai kai faɗuwa biyu a shekara ba. Kofin ƙasa na jami'o'i ya ɗauke shi sau 22: na farko a 1981, lokacin da wata hukumar wasannin mata ce ke shirya gasar, sannan 21 a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda ta karɓi gasar a 1982. Daga 1986 zuwa 1994 shekara tara a jere ba wanda ya taɓa kofin sai 'yan matansa. A cikin wannan tsakani sun yi wasa 92 a jere suna ci, ko canjaras babu. A wasan ƙarshe na 1992 maƙwabciyarsu Jami'ar Duke suka lallasa da ci 9 da 1. Wasan ƙarshe fa, ba atisaye ba.

A lokaci guda kuma shi ke riƙe da ƙungiyar mata ta ƙasar Amurka, daga 1986 zuwa 1994. Da FIFA ta shirya gasar duniya ta mata karo na farko a ƙasar Sin a 1991, ƙasashe 12 ne suka je, Najeriya ce kaɗai daga Afirka, kuma minti 80 ake bugawa don manyan FIFA na lokacin suna ganin mace ba za ta jure 90 ba. Amurka ta doke Nowe 2 da 1 a wasan ƙarshe a birnin Guangzhou, Michelle Akers ta ci duka biyun. Cikin 'yan wasa 18 da ya tafi da su, tara ɗalibansa ne na Chapel Hill. Akwai Mia Hamm, wadda ya fara sa wa rigar ƙasa tana da shekara 15, ta kuma ƙare da ƙwallo 158. Akwai Kristine Lilly, wadda ta buga wa ƙasarta wasa 354, adadin da ba namiji ba mace da ya kai shi. Kyaftin ɗinsu April Heinrichs daga baya ita ta horar da Amurka ta ci zinare a wasannin Olimfik na 2004. Ko shugabar hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka tun 2020, Cindy Parlow Cone, ɗalibarsa ce.

Na san abin da wani zai ce, don wani abokina a majalisarmu ta Zango ya riga ya faɗa mini: wai ya samu fili ne ba kowa, shi ya sa ya yi ta gudu shi kaɗai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Gasar 1982 jami'o'i 12 kawai suka shiga, yau kuwa waɗanda ke rukunin farko sun haura 300. Kuma bayan kofinsa na 2012 bai sake ɗauka ba. Ya kai wasan ƙarshe a 2018 da 2019 da 2022, duka aka doke shi. Na 2022 ya fi ciwo: suna gaba da ci 2 da nema saura minti goma, Jami'ar UCLA ta rama duka, ta biyun ma saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, sannan ta ci ta uku a ƙarin lokaci. Amma abokin nawa ya manta cewa da yawa daga masu horarwar da suka zo suka cika filin, daga wurinsa suka ga yadda ake yi. Kuma 'yan watanni bayan ya ajiye aiki, ƙungiyar da ya bari ta ɗauki kofin 2024 a hannun mataimakinsa, Damon Nahas.

Duk wannan lissafi ba shi ya sa na ɗauki bik ba. Abin da ya haɗa ni da mutumin nan littafi ne.

Dorrance ya lura da wani abu tun farkon aikinsa: 'yan matan da ke zuwa masa sun iya ƙwallo, amma ba su son kayar da ƙawayensu a atisaye. An tarbiyyantar da su a kan kada su fi kowa a fili, don kada a ƙi su. A jami'ar tasu akwai wani shahararren mai horar da ƙwallon kwando, Dean Smith, wanda Michael Jordan ya bi ta hannunsa. Dorrance ya je kallon atisayensa, ya ga akwai yara zaune da takarda suna rubuta duk abin da kowane ɗan wasa ya yi. Sai ya ɗauko dabarar. Duk abin da aka yi a atisaye ya zama gasa mai maki: ɗaya da ɗaya, tsere, bugun kai, bugun raga. A ƙarshe a jera sunaye daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kowa ta ga matsayinta. Ya sa wa tsarin suna da Turanci, ma'anarsa tukunyar da gasa ke tafasa a ciki. Hikimar ita ce yarinya ba za ta ce koci ba ya sonta ba, tun da alƙalami ne ya yi magana, kuma wadda ta ƙwace ƙwallo a ƙafar ƙawarta tana da hujja, ba mugunta ta yi ba, maki take nema.

Ɗan ƙanwata da ke jin Ingilishi ne ya fara karanta mini wannan bayani, shekarun baya, lokacin ina wata sakandare a cikin gari. Ina ji na ce ai wannan 'yan matana yake faɗa. Yaro namiji in ya ture abokinsa ya ƙwace ƙwallo, dariya yake yi. 'Yan matana kuwa in ɗaya ta ƙwace ƙwallo sai ta tsaya ta ce wa ɗayar ta yi haƙuri, wata ma ta mayar mata. Na taɓa ganin mai tsaron gida ta matsa gefe don wadda ta taho da ƙwallon yayar ƙawarta ce, wai kunya. Washegari na biya Kasuwar Dole na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari biyu, na ja layuka da rula, na rubuta sunayen 'yan mata ashirin da shida.

Wata na farko abin bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Na kwaikwayi Bature tsaf, na manna jerin sunayen a bangon aji. Wadda ta zo ta ƙarshe ta yi kuka har aka tashi. Da yamma mahaifiyarta ta sallama gidana, ta ce, "Malam, 'yar tawa ka rubuta a bango duk gari su gani? Me ta yi maka?" Ban samu amsa ba sai haƙuri da na ba ta. Ita kuma wadda ta zo ta ɗaya, sati guda ba mai tafiya gida tare da ita. A garin da kowa ya san gidan kowa, maki ba ya tsayawa a bango, yana bin yarinya har wurin biki. Sai na cire takardar. Na koma kiran kowace ita kaɗai, in nuna mata layinta, ta ga makinta na wannan wata da na watan jiya. Biyar na sama kawai nake faɗa a fili, su ma ba a jere ba. A hankali sai na ga suna zuwa da kansu: "Mushe, nawa na samu a tsere?" Bayan wata uku ban ƙara jin "yi haƙuri" a tsakiyar wasa ba. Suna yi dai bayan an tashi, wannan kuwa ban hana ba.

Akwai wani abin da Dorrance ke yawan faɗa wanda na gwada na ga haka yake. In ka tsaya gaban ƙungiyar maza ka yi faɗa a dunƙule, kowane yaro yana ɗauka da na kusa da shi kake. In mata ne, kowace tana ɗauka da ita kake, har wadda ta fi kowa ƙoƙari. Tun daga nan na daina tsawa a taro.

Littafin ya nuna mini abin da idona bai gani ba. Akwai wata 'yar siririya, ba ta magana, kullum a layin baya take tsayawa, ban taɓa sa ta cikin sha ɗaya na farko ba. Da na haɗa makin wata biyu sai na ga ita ce ta ɗaya a gudun juriya, ta biyu a ɗaya da ɗaya. Ashe kafin ta zo lakwal kullum sai ta tura kurar jarkoki ta kai ruwa gida, kuma duk wanda ya zauna Damagaram lokacin zafi ya san abin da neman ruwa ke nufi. Na mayar da ita tsakiyar fili. Shekara biyu ba wadda ta wuce ta da ƙwallo cikin sauƙi, a filinmu mai tsakuwa, da dogon wando da hijabi, da takalmin roba. Tana gama jarrabawar BEPC aka ɗaura mata aure. Mahaifinta mutumin kirki ne, tare muke sallar Juma'a, kuma da na yi masa magana tambaya ɗaya ya yi mini: "To Malam, in ta ci gaba da ƙwallon, ina za ta kai ta?" Na rasa abin cewa, don gaskiyarsa ce. Hukumar UNICEF tana cewa kimanin kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma ba duk iyayen ne ke yi don ƙin karatu ba. Wasu sun duba gaba ne ba su ga hanya ba.

A nan ne Dorrance ya fi ni sa'a, kuma sa'ar ba daga sama ta faɗo ba. A 1972 Amurka ta yi wata doka da ake kira Babi na Tara, wadda ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Dokar ba ta ambaci ƙwallo ba, amma ta tilasta wa jami'o'i su buɗe ƙungiyoyin mata, su kuma ba su tallafin karatu kamar yadda suke ba maza. Don haka uban yarinya a can yana da amsar tambayar abokina: ƙwallon za ta biya mata kuɗin jami'a, ta fito da digiri. Yawancin 'yan matan da suka bi ta hannun Dorrance ba su zama Mia Hamm ba. Sun gama karatu sun kama aiki.

Ba sai mun je nesa ba ma. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga amfanin wannan hanya. Randy Waldrum, wanda ya kai Super Falcons zagaye na biyu a gasar duniya ta 2023, suka doke mai masaukin baƙi Ostireliya 3 da 2, Ingila ma sai a bugun fenareti ta fitar da su, shi ma kocin jami'a ne a lokacin. Ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Notre Dame, a 2004 da 2010, kuma yana riƙe da ƙungiyar Jami'ar Pittsburgh a lokacin da yake horar da Falcons. Michelle Alozie da samarinmu ke ta yaɗa hotonta a Facebook, a Jami'ar Yale ta yi karatu tana buga ƙwallo. A gasar nan ta 2023 ne kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, bayan an ɗage haramcin rufe kai a filin wasa tun 2014. Wanda ke cewa sai yarinya ta tuɓe mutuncinta kafin ta buga ƙwallo, labarinsa ya tsufa.

Malam Edita, ba zan ɓoye maka tabon da ke jikin mutumin ba, don in na ɓoye, wani zai tono ya ce duk abin da na faɗa talla ce. A 1998 tsofaffin 'yan wasansa biyu suka kai shi ƙara tare da jami'ar, suna zarginsa da maganganun da suka keta musu haddi. Shari'ar ta ja shekara goma. An sasanta a wajen kotu, ta ƙarshe a 2008, jami'ar ta biya dala 385,000, shi kuma ya rubuta takardar neman gafara, ya amsa cewa ya shiga hirar da bai kamata malami ya shiga da ɗalibansa ba. Bai rasa aikinsa ba, a wannan shekarar ma aka sa sunansa cikin gwarazan ƙwallon ƙasar, kuma filin jami'ar yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Ni dai ban ga kofi 22 sun wanke wannan ba. Kuma na san da a nan abin ya faru, ko da magana ce kawai ta fita, ba ƙungiyar makaranta ɗaya za a rufe ba, duk iyayen gari ne za su janye 'ya'yansu, a shekara ashirin ba a sake ganin yarinya a fili ba. Shi ya sa a duk shekarun da na yi ban taɓa yin atisaye ba sai da malama mace zaune a gefen fili, ban taɓa goya ɗaliba a babur ba ko da hadari ya taso, kuma ana kiran la'asar sakaliya nake sallamarsu don magariba ta same su a gida. Wasu abokan aiki suna ce mini na cika tsoro. Na yarda da sunan.

Roƙona ga hukumomin Jami'ar André Salifou da na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, reshen jiharmu ba mai tsada ba ne. A ba ƙungiyar 'yan mata gurbi na dindindin a jami'a, da ranar atisayenta da filinta, a kuma sassauta wa waɗanda suka yi fice kuɗin rajista ko a ba su ɗaki, don malamin sakandare ya samu abin faɗa wa uba. A damƙa ta a hannun mace, ko aƙalla mace ta zama mataimakiya. Sannan duk wanda aka ba, a bar shi ya daɗe. Mun iya wannan a kokowa: duk wanda ya taɓa ɗaga takobi, akwai wani dattijo a ƙauyensu da ya shekara yana gyara masa tsayuwa, kuma ba wanda ya taɓa aiko wa dattijon takardar sauyin wuri. Ku kuma a jarida, ko sau ɗaya a wata ku ba wasan makarantu rabin shafi, na maza da na mata, da sunan makaranta da sakamako. Yarinyar da mahaifinta ya ga sunan makarantarta a jarida ta samu lauya a gida.

Kayen nan yana nan a akwatina, bangonsa ya yage, gara ta ɗan taɓa gefe. A gaban kowane suna na rubuta inda mai shi ta ƙare, iyakar waɗanda labarinsu ya iso ni. Ta ƙarshen nan da mahaifiyarta ta zo gidana, yanzu malama ce a wata makaranta wajen Mirya. Da ƙaramar salla ta zo gaishe ni da goro, ta ce ta tara 'yan mata goma sha tara da ƙwallo ɗaya, tana son in nuna mata yadda nake jan layukan. Na ce ta sayo kaye da rula ta dawo ran Alhamis. Na kuma ja mata kunne kada ta manna komai a bango. Ta yi dariya ta ce, "Mushe, ai ni za ka faɗa wa?"

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin wasanni,
Unguwar Birni, Damagaram.